Tarihin Tace Ruwan Akwatin Kifi da Aikin da Ya Ƙi Ƙarewa

Mutumin da ya yi niyyar kafa babban akwatin kifi na gilashi a falonsa, irin mai cin lita 400 ko 500, tambayar da yakan fara yi wa mai shago ita ce wace filta ce ta fi ƙarfi. Mai shago kuwa sai ya jero masa kwalaye, kowanne ɗauke da adadin litar ruwan da injinsa ke turawa a awa guda, ya ce ga wadda in ka saka ka huta. Wannan alkawarin hutu ya girmi mai shagon da kakansa. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ake yin sa, kowane zamani da irin na'urar da yake rataya wa alkawarin. Abin da tarihin sana'ar ya nuna shi ne babu filtar da ta taɓa kawar da aikin kula da ruwa; ɗauke shi kawai take yi daga wani wuri ta sauke a wani. Saboda haka mai zaɓen filta, ko ya sani ko bai sani ba, zaɓen irin wahalar da zai iya jurewa shekara da shekaru yake yi.

Kafin injina, aikin a fili yake, ba mai ɓoye shi. Sinawa, waɗanda tun zamanin daular Song suke kiwon jan kifin ado a tafkuna, zuwa zamanin Ming kuma suka shigar da shi manyan kwanonin tangaran, da hannu suke kwashe ruwa su zuba sabo. A Turai ma haka aka fara. Cikin 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta kwaso murjani mai rai daga gaɓar tekun Torquay ta kai shi gidanta a Westminster, tsakiyar Landan. Da farko ruwan teku ake yi mata safararsa, da abin ya yi nauyi sai ta koma maimaita ruwan da ke hannunta. Dabarar ita ce a tsaya gaban taga a buɗe, a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan na tsawon rabin awa ko fiye, har ya sha iska, sannan a mayar wa dabbobin. Murjanin ya rayu kusan shekara uku a haka, abin da ake lissafawa cikin nasarori na farko a wannan fanni. Amma hannun da ke juye ruwan na yarinyar aikinta ne. Filtar farko a tarihin akwatin kifin ruwan gishiri mutum ce, kuma duk na'urar da aka ƙera daga baya ƙoƙari ne na samun abin da zai tsaya a gurbin yarinyar nan.

Wanda ya fara cewa ya samu shi ne Robert Warington, masanin haɗa sinadarai a Landan. A 1850 ya gabatar da bayanin gwajinsa: mazubin gilashi mai cin kimanin lita 50, jan kifi biyu, da wata ciyawar ruwa mai dogon ganye da ake kira Vallisneria. Da tsofaffin ganyen suka fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya jefa 'yan katantanwar ruwa suka cinye ruɓaɓɓen, ruwan ya washe. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ta mallaki sana'ar har kusan shekara ɗari: ciyawa na ba kifi iskar oksijin, kifi na ba ciyawa iskar kabon da taki, katantanwa na shara, don haka in an daidaita su ba sai an sauya ruwa ba. Maganar ta zo a kan gaɓa. An soke harajin gilashi a Birtaniya a 1845, gilashi ya yi araha. Gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a a 1853. Littafin Philip Henry Gosse na 1854 ya sa kowane gida mai rufin asiri yana son nasa akwatin. Yayin bai daɗe ba ya lafa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kifi biyu a lita 50 abu ne da ruwa zai iya ɗauka, amma mai falo kifi ashirin yake so, yana kuma ciyar da su don jin daɗin kallo. Ruwa ya yi ta wari, kifi ya yi ta mutuwa, masu littattafai suna ɗora laifin a kan mai akwatin da ya kasa daidaitawa.

William Alford Lloyd, wanda ya fara da shagon sayar da kayan akwatin kifi a Landan, shi ne ya kalli matsalar da idon mai aikin famfo. Shi ya tsara gidan kallon kifi na Hamburg da aka buɗe a 1864, da na Crystal Palace a 1871, ya kuma ba da shawara wajen gina na Naples a Italiya wanda aka buɗe a 1874, yake kuma aiki har yau. Tsarinsa mai sauƙin faɗa ne: a ƙarƙashin akwatunan da jama'a ke gani a gina babbar matattara a cikin duhu, mai ɗaukar ruwan da ya ninka na sama sau da dama, injin tururi ya riƙa zagayawa da ruwan dare da rana. Duhu na kashe koren gansakukar da ke yawo cikin ruwa, datti na kwantawa a ƙasa, ruwan da ke feshowa cikin akwatunan yana janyo iska tare da shi. Tsarin ya yi aiki, kuma Lloyd ya yi alfahari da cewa ruwa ɗaya zai yi shekaru ba a sauya ba. Sai dai aikin bai ɓace ba, ya gangara ne ƙarƙashin ƙasa, wurin masu zuba gawayi a tukunyar inji da masu gadin famfo cikin dare. Wani abin kuma, bangon matattarar nan da bututunta suna yin wani aiki da ba wanda ya san sunansa a lokacin.

Abin da ke kashe kifi a rufaffen ruwa yawanci ido ba ya ganinsa. Kifi na fitar da amoniya, mafi yawa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, ragowar abinci da kashi kuma suna ƙara ta idan suka ruɓe. Kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona gaɓoɓin numfashin, dafinta kuma na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko yana da ɗabi'ar kanwa. Bayanin yadda take gushewa bai fito daga masu kifi ba. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, da ke binciken tsarkake ruwan ƙazantar birnin Paris, suka cika dogon bututun gilashi da yashi da dutsen farar ƙasa, suka riƙa ɗiga ruwan ƙazanta daga sama a hankali. Kusan kwana 20 amoniya na fita ta ƙasa yadda ta shiga. Daga nan sai ta fara ɓacewa, sinadarin naitiret ya bayyana a madadinta. Da suka sa tururin kulorofom aikin ya tsaya cik. Da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki ya dawo. Ke nan masu rai ne ke aikin, kuma kwana 20 ɗin lokacin da suke bukata ne su hayayyafa. Wani abin sha'awa shi ne, daga cikin waɗanda suka ɗora a kan wannan bincike akwai Robert Warington ƙarami, ɗan mai katantanwa, wanda a tashar binciken noma ta Rothamsted ya nuna cewa sauyin hawa biyu ne: amoniya ta zama naitirait, naitirait ya zama naitiret. Wajen 1890 Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke wannan aiki a Zurich. Warington ƙarami ya taimaka wajen gano ma'aikatan da suka riƙe akwatin ubansa alhali uban na yaba wa ciyawa.

Daga wannan ilimi komai na filta ya fito. Hawan tsakiya, naitirait, shi ma dafi ne, yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin har jinin ya koma ruwan ƙasa. Hawan ƙarshe, naitiret, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma taruwa yake yi. Ƙwayoyin suna manne ne a jikin abubuwa, tsakuwa ko soso ko bango, suna da nawar haihuwa, shi ya sa sabon akwati kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya iya ɗaukar kifi sosai. Suna kuma da ci: kowane giram ɗaya na naitirojin da suka sarrafa yana lashe oksijin sama da giram 4, yana kuma cinye abin da ke tare tsami a ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a tsohon akwatin da aka daɗe ba a sauya wa ruwa ba filtar ce da kanta ke tsamar da shi. Injiniyoyin birane sun rigaya masu kifi amfani da wannan. Matacin yashi da James Simpson ya gina wa kamfanin ruwan Chelsea a 1829 an yi shi ne don tare laka, daga baya aka gane cewa yauƙin da ke taruwa a saman yashin, wanda ke cike da ƙananan halittu, shi ne ke yin babban aikin. Cikin shekarun 1890 kuma Ingila ta fara yayyafa ruwan ƙazanta a kan tarin duwatsu masu shan iska. Masu kifi kuwa suka ci gaba da karanta ƙa'idar daidaito. Sai a 1931 Charles Breder na gidan kifin New York ya nuna cewa yawancin oksijin ɗin akwati daga iska yake shiga ta fuskar ruwa, a 1949 kuma James Atz ya rubuta ƙarara cewa daidaitaccen akwati tatsuniya ce.

Wutar lantarki ta kawo sabon zagayen alkawari. Ƙaramin injin hura iska ya maye gurbin juye ruwa a bakin taga, ya kuma haifi 'yar filtar kusurwa mai audugar gilashi da gawayi. A shekarun 1950 aka shiga yayin filtar ƙarƙashin tsakuwa: faranti mai huji-huji a ƙasan akwati, kumfar iska na jan ruwa ta cikin tsakuwar da ke kansa. Ta fuskar ƙwayoyin bakteriya dabara ce mai kyau, domin ta mai da dukan ƙasan akwati gidansu, kuma ba a yi mata adalci ba da aka yi watsi da ita gaba ɗaya. Illarta ita ce irin ta mai shara da ke tura datti ƙarƙashin tabarma: ɗakin tsaf a ido, amma ranar da za a ɗaga tabarmar tana nan tafe. A ƙaramin akwati ɗaga farantin aikin yamma ɗaya ne. A akwatin lita 500 mai duwatsu da saiwoyin ciyawa, rushe gini ne. Kifayen da ke tona, irin na tafkin Malawi, kan buɗe rami a tsakuwar, ruwa ya bi ta nan kawai ya bar sauran.

Shekarun 1960 suka kawo abu biyu da suka sa babban akwati ya zama abin gida. Gam ɗin silikon ya ba da damar haɗa gilashi da gilashi ba tare da ƙarfen da ke tsatsa ba. Kamfanin Eheim na Jamus kuma, wanda Gunther Eheim ya kafa a 1949 yana ƙera kayan wasan yara masu lantarki, ya fitar da rufaffiyar filta mai siffar gwangwani da ake ajiyewa a waje, mesa ɗaya na kai mata ruwa, ɗaya na mayarwa. Ba ta da ƙara, ba a ganinta, tana ɗaukar kayan tace ruwa masu yawa. Kyawunta shi ne aibinta. Abin da ba a gani mantawa ake yi da shi, kuma dattin da ya maƙale a cikin gwangwanin bai fita daga ruwan ba, yana nan yana ruɓewa, ruwan na bi ta kansa sau da yawa a awa. Buɗe ta kuma sai an rufe famfuna, an cire mesa, an ɗauki nauyi zuwa banɗaki, don haka wankin da ya kamata a yi wata-wata yakan koma na shekara. A 1986 rubuce-rubucen George Smit suka gabatar wa Amurkawa tsarin masu murjani na ƙasar Holan, inda ruwa ke ɗiga a kan ƙwallayen roba cikin iska, wato dabarar matatun ƙazanta ta shekarun 1890 a ƙanƙance. Ta kashe amoniya fiye da duk abin da ya gabace ta, cikin 'yan shekaru kuma masu murjani suka laƙaba mata suna masana'antar naitiret, suka fara kwashe ƙwallayen suna zubarwa. Laifinta ɗaya, ta iya aikinta: ta kai sharar hawan ƙarshe da sauri ta ajiye wa mai akwati.

Za a iya cewa wannan hukunci ya yi wa Warington tsauri, tunda akwai akwatunan da kusan ba sa bukatar filta. Gaskiya ne akwai su. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake riƙe akwatin ruwan gishiri da duwatsun teku masu rai da kumfar iska kawai. Masu kifin Berlin na shekarun 1970 sun gina tsarinsu a kan irin waɗannan duwatsu, waɗanda can cikin ramukansu, inda oksijin ba ya kaiwa, wasu ƙwayoyin ke mai da naitiret iskar naitirojin ta fice. Diana Walstad a littafinta na 1999 ta nuna cewa akwati mai ƙasa da ciyawa mai yawa yana shanye amoniya kai tsaye. Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, kuma sun tabbatar da cewa Warington ya ga wani ɓangare na gaskiya. Amma a duba sharuɗɗansu. Kifi kaɗan ne, haske wadatacce ne, kuma ciyawar da ta shanye taki sai an yanke ta an fitar, in ba haka ba ta ruɓe ta mayar da abin da ta ci. Tsarin Berlin kuwa yana tare da na'urar da ke tara datti cikin kumfa, wadda ake zubar da kofinta duk bayan 'yan kwanaki. Almakashi da kofin kumfa sun karɓi aikin bokiti, shi ke nan. Mai son manyan kifaye masu ci da tona, waɗanda yawanci dominsu ake sayen babban akwati, ba zai iya cika sharuɗɗan ba ko kusa.

Wata sukar kuma ita ce girma da kansa rahama ne, kuma kimiyya ta ci gaba. Rabin farko gaskiya ne: ruwa mai yawa na sirka kuskure, kifi ɗaya da ya mutu a ɓoye ba zai hallaka lita 500 kamar yadda zai hallaka lita 30 ba. Amma lissafi yana da wata fuska. In aka ninka tsawo da faɗi da zurfin akwati sau biyu, ruwansa ya ninka sau takwas, fuskar da yake shaƙar iska ta cikinta kuwa sau huɗu kawai. Babban akwati ya fi ƙarami dogaro da inji don numfashi. Rabi na biyu ma gaskiya ne, sai dai ci gaban ya fi koyar da tawali'u. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a akwatin ruwan daɗi bakteriyar Nitrospira ce ke sarrafa naitirait, ba Nitrobacter da littattafan kiwo suka shafe shekaru suna ambato ba. A 2011 masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada suka tarar cewa a yawancin filtocin da suka duba wasu halittu ne na daban, da ake kira akiya, suka fi yawa cikin masu cin amoniya. A 2015 kuma aka gano Nitrospira mai yin hawa biyun ita kaɗai, ɗaya daga cikin samfuran ma daga filtar wani tsarin kiwon kifi a Nijmegen aka samo shi. Sunayen ma'aikatan sun sauya sau uku, bukatunsu ba su sauya ba: wurin mannewa, oksijin, ruwa mai gudana, da a ƙyale su. Shi ya sa filtar da aka tsara don a riƙa jefar da cikinta ana sayen sabo kowane wata ta fi yi wa mai sayarwa hidima a kan kifi, kuma shi ya sa ake matse soso a ruwan da aka ɗebo daga akwati, ba a ruwan famfo mai kulorin ba.

Idan aka ɗora zaɓin yau a kan wannan tarihi, adadin da ke jikin kwali ya koma abu na baya, balle ma yawanci ana auna shi ne da filta babu komai a cikinta, ba ta kuma tura ruwa sama. Tanki na biyu da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban akwati, ruwa ya gangara cikinsa inji ya mayar, matattarar Lloyd ce ta dawo cikin kabad. Yana ƙara yawan ruwa, yana shayar da shi iska, kuma a buɗe yake, ana iya zare audugar da ta tare datti cikin minti ɗaya a jefar, wanda shi ne dalilin da ya sa ake yin hakan a kai a kai. Kuɗinsa shi ne huda gilashi, ƙarar ruwa, da lissafin da zai hana ambaliya a falo in inji ya tsaya. Gwangwani ya dace da wanda ya san zai buɗe shi, kuma biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, domin a wanke ɗaya a bar ɗaya da ƙwayoyinsa. Soso mai aiki da kumfar iska, da katangar soso da ake kafawa cikin akwati, ba su da kyan gani, amma su ne abin da masu kiwo da akwatuna da yawa suka fi riƙewa.

A inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, wannan lissafi yana ƙara nauyi. Rufaffen gwangwani in ya tsaya, ƙwayoyin da dattin da ke ciki kan shanye ɗan oksijin ɗinsa cikin awanni, da wuta ta dawo sai ya amayar da ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Soso da ke cikin akwatin ya fi jure tsayuwa, kuma ƙaramin injin iska mai batir ya ishe shi. Masu kiwon tarwaɗa a tankin siminti sun warware tasu matsalar ta tsohuwar hanya, su buɗe bututu su zubar su cika da sabon ruwa, kuma tarwaɗa na yafe musu jinkiri saboda tana iya shaƙar iska daga sama. Yawancin kifin ado ba su da wannan baiwa. Duk filtar da aka zaɓa, naitiret zai taru, kuma sauya kashi ɗaya cikin huɗu na akwatin lita 500 na nufin fitar da kilo 125 na ruwa da shigar da wani 125. Wanda ya ajiye akwatinsa inda mesa za ta kai magudana da famfo zai yi wannan a kan lokaci, wanda kuwa ya dogara da bokiti zai fara tsallake mako tun kafin shekara ta zagayo.